Madobiya da Maɗaci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Danginsu, Mazauninsu da Halin da Suke Ciki

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗaliban aikin gona da gandun daji, da kafintoci, da manoman da wani baƙo ya zo ya taya bishiyar da ke gonarsu. An fara da masu sauƙi kafin a shiga masu zurfi. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna lambarta.

1. Me ya sa ake haɗa madobiya da maɗaci a zance ɗaya?

Saboda daji ɗaya suke zaune, kuma hannaye iri ɗaya ke bin su. Dukansu itatuwan katako ne masu daraja, dukansu makiyaya na datse musu rassa da rani, masu maganin gargajiya kuma na sassaƙar ɓawonsu. Amma ba 'yan uwan juna ba ne, kuma abin da ke cin kowanne daban yake. Madobiya, kasuwar waje ce ta faɗo mata farat ɗaya. Maɗaci kuwa mu ne muke cin sa a hankali, har ba mu lura ba.

2. Wane dangi madobiya ta fito a wajen masana tsirrai?

Sunanta na kimiyya Pterocarpus erinaceus, kuma wani Bafaranshe masanin tsirrai, Poiret, shi ya raɗa mata shi. Kalmar farko daga Girkanci take, ma'anarta ɗa mai fiffike. Ta biyun kuwa Latin ce, tana nufin bushiya. Duk wanda ya taɓa tsintar ɗan madobiya a ƙasa zai gane dalili: faifai ne ɗan ƙarami marar kauri kamar takarda, tsakiyarsa ta kumbura ta cika da ƙayoyi sirara, sak bushiya ta dunƙule a tsakiyar faifai.

Babban gidanta shi ne Fabaceae, wato gidan wake. A nan ɗorawa take, da tsamiya, da gawo, da kawo, da bagaruwa. Abin da ke ba ɗalibai dariya idan an gaya musu shi ne, a cikin wannan babban gida, gyaɗa ta fi ɗorawa da tsamiya kusanci da madobiya, domin reshe ɗaya suka fito, wanda ake kira Dalbergieae. Tsiron da bai kai gwiwa ba da bishiyar da ke kai mita 15, 'yan ɗaki ɗaya ne. Kamar gyaɗa da wake, saiwar madobiya na ɗauke da ƙananan ƙulle-ƙulle masu ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, shi ya sa ba ta cutar da gona.

3. Maɗaci fa?

Shi sunansa Khaya senegalensis. An fara sanya shi cikin jinsin mahoganin Amurka, Swietenia, sai Adrien de Jussieu ya ware masa jinsinsa na kansa a 1830. Kalmar Khaya daga sunan da Wolof na Senegal ke kiran bishiyar aka samo ta. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci, har da Nijar, caïlcédrat ake rubutawa a takardun hukuma, kafintocinmu kuma mahogani suke ce wa katakonsa.

Gidansa Meliaceae ne, gidan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi. Harshe ma zai shaida wannan zumunta: ɗacin ganyen darbejiya da ɗacin ɓawon maɗaci daga rukunin sinadarai guda suke, waɗanda ake kira limonoid. Bambancin shi ne darbejiya baƙuwa ce daga yankin Indiya, maɗaci kuwa ɗan ƙasa ne. Idan aka ƙara hawa sama a jerin dangantaka, maɗaci yana cikin rukunin Sapindales tare da mangwaro da lemo da kashu, ita kuma madobiya tana cikin Fabales. Yana da 'yan uwa na jini a kurmin kudu, irin su Khaya ivorensis da Khaya grandifoliola, amma shi ne ya fi su jure fari.

4. Idan na shiga daji, yaya zan bambance su ba tare da littafi ba?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka je da hunturu. Tsakanin Disamba da Fabrairu madobiya kan kaɗe ganyenta tas, sannan ta lulluɓe da huda ruwan ɗorawa, har daga nesa za ka hango ta tana haske cikin busasshen daji, ƙudan zuma na ta kai da komo. A daidai lokacin maɗaci na tsaye da ganyensa kore shar mai ƙyalli. Furensa ƙanana ne farare, sai ka matsa za ka gan su.

Idan damina ce, duba ganye. A karan ganyen maɗaci ƙananan ganyaye bibbiyu suke tafiya, babu tilo a can ƙarshe. Na madobiya kuwa a karkace suke jeruwa, ɗaya nan ɗaya can, kuma akwai tilo a ƙarshen kara. Ɓawon madobiya baƙi-baƙi ne mai tsattsagewa, kuma idan wuƙa ta taɓa shi wani jan ruwa kan tsattsafo kamar jini, ya daskare ya zama ƙaro mai duhu. Ɓawon maɗaci toka-toka ne mai ɓamɓaroki, cikinsa ja-ja, kuma ɗan lasa kaɗan ya isa ya tuna maka inda aka samo karin maganar zuma da maɗaci.

'Ya'yan ma ba su yi kama ba. Na madobiya an bayyana shi a amsa ta 2. Na maɗaci ƙwallo ne mai tauri kamar itace, bai kai girman lemun zaƙi ba, yana tsaye a saman rassa. Idan ya nuna sai ya tsage gida huɗu, iri masu faɗi da fiffike su zubo iska ta kwashe.

5. A ina kowanne ke fitowa da kansa?

Madobiya 'yar Afirka ta Yamma ce da gefen Afirka ta Tsakiya, daga Senegal da Gambiya har zuwa Chadi da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Tana son dajin da ke samun ruwan sama kimanin milimita 600 zuwa 1,200 a shekara. Ba ta da tsirfa: tudu mai tsakuwa, gindin dutse, ƙasa mai marmara wadda manomi zai raina, duk tana kamawa, kuma babbar bishiya na jure gobarar daji ta shekara-shekara. A Najeriya an fi saninta a Taraba, Adamawa, Kogi, Binuwai, Neja, Kwara da kudancin Kaduna da Bauchi. A Nijar sai can kudu maso yamma, wajajen Gaya da gandun dajin W.

Maɗaci ya fi ta faɗin ƙasa, domin ya miƙa daga Senegal har Sudan da Sudan ta Kudu da arewacin Uganda. Amma ya fi ta son jin daɗi. Inda ya fi girma shi ne bakin rafi da gefen fadama, wurin ƙasa mai zurfi da laima, kuma a irin wannan wuri yakan kai mita 30. A kan tudu ma yana fitowa, sai dai ya gajarce ya yi rassa da wuri. Wannan son bakin ruwa yana cikin abin da ya jawo masa matsala, domin bakin rafi shi ne inda mai noman rani ya fi so (duba amsa ta 11).

6. Idan itacen daji ne, me ya kawo maɗaci bakin titunan birane?

Dasa shi aka yi. Zamanin mulkin Turawa an jera shi a bakin hanyoyi da unguwannin ma'aikata saboda inuwarsa, shi ya sa za ka ga tsofaffin layukansa a Bamako da Wagadugu da Yamai, da tsofaffin unguwannin gwamnati na Kano da Zariya da Kaduna. Har ƙetare ya tafi: akwai gonakinsa na katako a arewacin Ostareliya, ana kuma dasa shi a Siri Lanka da Biyetnam da Malesiya. Madobiya ba ta samu wannan gata ba. Kusan duk wadda ka gani Allah ne ya shuka ta, kuma duk katakonta da ya shiga kasuwa daga daji aka saro shi.

7. Mene ne matsayin kowanne a jerin halittun da ke fuskantar barazana?

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, mai hedikwata a Gland ta ƙasar Suwizalan, ita ke riƙe da wannan jeri. Matakan barazana uku ne: mai rauni, sai wanda ke cikin haɗari, sai wanda ke bakin gaɓa. A takarda ana taƙaita su da VU da EN da CR. Maɗaci yana matakin farko, VU, tun tantancewar 1998. Madobiya tana mataki na biyu, EN, tun 2018, bisa hasashen cewa saran da ake mata zai rage fiye da rabinta.

A lura da shekarun nan biyu. Hukuncin madobiya an yanke shi ne ana tsakiyar ɓarna, da alƙaluman kwastan a hannu. Na maɗaci an yanke shi tun kafin injin zarto ya zama abin da ake samu a kowace ƙaramar hukuma. Don haka wanda ya karanta VU ya ce maɗaci lafiya lau yake, ya yi gaggawa.

8. Me ya faru da madobiya har ta tsallake maɗaci cikin ɗan lokaci?

Kayan ɗaki ne a ƙasar Sin. Akwai wani salon kujeru da gadaje da kabad na alfarma da ake kira hongmu, wato jan katako, wanda asalinsa na gidajen sarauta ne. A shekarar 2000 hukumomin Sin suka fitar da jerin itatuwa 33 da aka yarda a kira katakonsu hongmu, kuma madobiya na ciki. Da itatuwan kudu maso gabashin Asiya suka yi ƙaranci, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka ta Yamma, wajajen 2010. Salon cinikin kamar fara yake: a cinye dajin wannan ƙasa, a tashi a sauka a ta gaba. An bi Gambiya da yankin Kasamans na Senegal, da Gini Bisau, da Ghana, da Togo da Benin, sannan Najeriya ta zama babbar mai fitarwa, daga baya aka koma Saliyo da Mali.

A kasuwar katako ta Najeriya kosso ake ce mata, a Taraba kuma masu sara suka laƙaba mata Madrid. Wanda ya bi hanyoyin Taraba a tsakiyar shekarun 2010 ya ga abin da idonsa: gumagumai an fafe su kusurwa huɗu, an tara a bakin hanya kamar bulo, tireloli na lodi zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Matasa sun bar gona sun shiga daji, domin kuɗin gungume na zuwa hannu a ranar. Saran ya kai har gefen gandun dajin Gashaka Gumti.

Girman abin ya wuce yadda ake zato. Rahoton ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka na 2016 ya nuna cewa jan katako irin wannan, idan aka haɗa na duk duniya, shi ne kashi 35 cikin 100 na darajar haramtattun kayan daji da aka kama tsakanin 2005 da 2014. Ya fi hauren giwa. A 2017 kuma ƙungiyar EIA mai binciken laifukan muhalli ta yi zargin cewa gumagumai fiye da miliyan 1.4 daga Najeriya, da aka tsare a tashoshin Sin, an sake su ne da takardun izini da aka rubuta bayan kayan sun riga sun bar ƙasa.

9. Mene ne CITES, kuma me ya bambanta ta da jerin IUCN?

Jerin IUCN gwajin likita ne, yana faɗin halin da majiyyaci ke ciki amma ba ya kama kowa. CITES kuwa yarjejeniya ce tsakanin gwamnatoci, an sa mata hannu a Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shiga. Ita ke tsara cinikin dabbobi da tsirrai tsakanin ƙasa da ƙasa. Tana da jerin sunayen halittu da ake kira Rataye: abin da ke Rataye na Ɗaya an hana kasuwancinsa. Abin da ke Rataye na Biyu ana iya fitar da shi, amma sai da izini, kuma sai masanan ƙasar sun tabbatar fitarwar ba za ta cutar da jinsin a daji ba.

Senegal ce ta fara kai kukan madobiya. A taron Johannesburg na 2016 aka sanya ta a Rataye na Biyu, dokar ta fara aiki a Janairun 2017. A 2018 aka dakatar da cinikinta daga Najeriya. A 2022 matakin ya game duka ƙasashe 16 da take fitowa: wasu suka ɗaura wa kansu alƙawarin ba za su fitar da ko gungume ɗaya ba, sauran aka dakatar da su. Maɗaci ya biyo baya a taron Panama na Nuwamban 2022, inda aka sanya dukkan jinsin Khaya na Afirka a Rataye na Biyu, tare da kawo da sauran 'yan uwan madobiya na nahiyar.

10. Tunda an hana fitarwa, ba shi ke nan madobiya ta tsira ba?

Ina fa. CITES a bakin iyaka take aiki. Ba ta da ta cewa kan mai gawayi, ko masassaƙin turmi, ko mai faɗaɗa gona. A Najeriya ma dazuzzuka a hannun jihohi suke, izinin fitarwa kuma a hannun tarayya, kuma tsakanin hannayen nan biyu abubuwa da yawa kan sulale. Ga fasa-ƙwauri: a canza wa katako suna a takarda, ko a tsallaka da shi ƙasar maƙwabta. Haka katakon Kasamans ya riƙa fita ta Banjul har Gambiya ta hana fitar da katako a 2022.

Sannan akwai ɓarnar da ba a gani a alƙaluma. Mai sara yana zaɓen bishiya mafi kauri, mafi miƙewa, wato uwar iri. Abin da ya bari karkatattu ne da ƙanana. Dajin zai yi kore da damina, mai wucewa a mota ya ce ai ga itatuwa nan, alhali masu zubar da iri nagari sun tafi.

11. Maɗaci yana ko'ina a gari, yaya za a ce yana cikin barazana?

Tsaya a gindin ɗaya daga cikin manyan maɗatan bakin titi ka duba ƙasa. Ina 'ya'yansa? Yawancin waɗanda muke gani tsofaffi ne da aka dasa tun kafin a haifi iyayenmu, kuma duk lokacin da aka faɗaɗa titi wasu na tafiya ba a maye gurbinsu. A daji kuma, manyan an yanka su katako da kwalekwale, bakin rafin da ƙananan za su tashi ya zama lambun albasa da tumatir. Irinsa ba ya daɗewa, cikin 'yan watanni yake mutuwa idan an ajiye shi haka kawai. Wanda ya tsiro kuma wuta ko akuya na jiransa. Garin da ke cike da dattawa babu yara, ko yaya ya cika a ido, ka san inda ya dosa.

12. Sassaƙar ɓawo don magani tana kashe bishiya?

Tana kashewa idan aka zagaye gindin. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, don haka idan aka yanke wannan hanya ta kowane gefe, saiwa za ta mutu da yunwa, bishiyar ta bushe a tsaye bayan shekara ɗaya ko biyu. Kowa ya san kamannin maɗacin da ke kusa da kasuwa ko tasha: daga ƙasa har iyakar inda hannun mutum ke kaiwa babu ɓawo, sai tabo kan tabo, gefen raunin ya kumbura yana ƙoƙarin rufewa, wani kuma ya zo da adda ya sake buɗewa. Wasu har tsani suke kafawa.

Maɗaci yana da ƙoƙarin warkar da rauni idan an bar shi. Masu sanin ya kamata kan ɗebi siririn tsiri a tsaye, ta gefe guda, su bar wurin ya rufe kafin su dawo. Game da shan jiƙon kuwa, ana amfani da shi tun kaka da kakanni don zazzaɓi da ciwon ciki, amma ɗaci ba shi ne shaidar warkarwa ba, kuma zazzaɓin cizon sauro na bukatar gwaji da maganin asibiti.

13. Makiyaya na da laifi a wannan lamari?

Suna da hannu, amma a yi adalci. A ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, ganyen maɗaci da kawo da sabon tohon madobiya su ne ke riƙe shanu har ruwa ya sauka. A Bamako har kasuwa ake kai ganyen madobiya dami-dami don masu kiwon tumaki. Makiyayi ba ya son bishiyar ta mutu, domin baɗi ma zai dawo gare ta. Illar tana zuwa ne idan aka aske ta ƙwal kowace shekara, ba ta samu ta yi fure ta zubar da iri ba, abin da ke ƙara tsananta matsalar da aka faɗa a amsa ta 11. Mai injin zarto kuwa sau ɗaya yake zuwa. Hasali ma makiyaya na cikin waɗanda saran madobiya ya fi cuta.

14. Ina son in dasa. Wanne ya fi sauƙi?

Maɗaci, nesa ba kusa ba. Tara iri da zarar ƙwallon ya fara tsagewa, ka shuka a leda ba tare da ɓata lokaci ba, ka dasa idan damina ta kankama. Babban abokin gabarsa wata tsutsa ce, Hypsipyla robusta, mai huda kan toho. Ba ta cika kashe bishiya ba, sai dai ta sa ta yi rassa tun tana ƙasa, gindin da za a yanka katako ya gajarce. Wannan tsutsa ce ta hana gonakin mahogani zalla yin albarka a Afirka ta Yamma. Gauraya shi da wasu itatuwa na rage ɓarnar. Idan inuwa kake nema, ba ruwanka da ita.

Madobiya na tsirowa daga iri, amma shekarunta na farko a ƙarƙashin ƙasa take yin su, tana zura saiwa, sama kuwa kamar ba ta motsi. Kuma duk dabbar da ta wuce sai ta ɗanɗana. Ba shinge, ba madobiya. Hanyar da ta fi saurin biya ita ce renon kututture, domin tana sake toho bayan sara. Ka zaɓi toho ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, ka cire sauran, ka kare su daga wuta da dabbobi. Wannan ita ce dabarar da manoman Maraɗi suka farfaɗo da gonakinsu da ita tun shekarun 1980, wadda ake kira sassaben zamani, kuma saiwar da ta riga ta yi zurfi ta fi kowane dashe na leda saurin tashi.

15. Wani ya taya madobiyar da ke gonata. In sayar?

Kafin komai, je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarka ko jiharka ka ji abin da doka ta ce, domin a wurare da dama ko bishiyar cikin gonarka ce sai da izini ake sare ta, a Nijar kuma ma'aikatan ruwa da daji ba sa wasa da wannan. Idan mai sayen ya ce waje za a kai, ka tuna amsa ta 9. Sannan ka yi lissafi da kanka: kuɗin da zai ba ka ɗan kaɗan ne daga abin da gungumen zai yi a gaba, kuma sau ɗaya za ka karɓa, alhali ganyen da tumakinka ke ci kowace bazara da takin da take zuba wa gonar za su tafi tare da ita.

Idan dole ta sa sai an sare, ka sa a yanke ta a bar kututture mai lafiya, kada a ƙona shi, kada a tone. Ka kuma hana a taɓa mafi kyawun bishiyar da ke wurin, ita ce za ta ba ka iri. Mai saye zai nuna ta da yatsa tun kafin ya gama sallama.